Kabad ɗin Ɗakin Gaba

Ranar Juma'a da hantsi Mis Adassa Lindo tana tsaye a kicin ɗinta a unguwar Handsworth tana sauya wa kifin gishiri ruwa, sai ga muryar 'yarta a rediyo. Ba bazata ba ce. Tun farkon mako Verona ta bugo waya daga Landan ta faɗa mata tashar da lokacin, domin littafinta ya ci wata babbar kyauta, yanzu kowa nemanta yake. Mis Adassa ta goge hannu a zanen kicin, ta ƙara murya, ta tsaya a miƙe kamar a coci.

Mai tambayar wani Bature ne mai murya kamar man shanu. Ya ce yana so ya ji abin da ta karanta tana yarinya, da wanda ya fara sa mata son rubutu.

Verona ta ɗan yi dariya, irin dariyar da ba da ita ta bar gida ba. Ta ce, "Ni a gidan da babu littattafai na tashi. Littafi Mai Tsarki ne kawai, shi ma na Lahadi ne. Wata Baturiya ce, Misis Pargeter, mai kula da laburaren unguwarmu, ta gan ni ina fake wa ruwan sama a bakin ƙofa. Ta kira ni ciki, ta miƙo mini littafi. Ba don ita ba, ban san inda zan ƙare ba."

Mai tambayar ya ja numfashi irin na wanda aka ba shi abin da ya daɗe yana kwaɗayi. "Abin taɓa zuciya," in ji shi.

Mis Adassa ta kashe rediyon. Ta koma kan kifin, ta zubar da ruwan da ta zuba yanzun nan, ta sake zuba wani. Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Sai ta tsinci kanta a ƙofar ɗakin gaba da makulli a hannu, ba ta ma san lokacin da ta ciro shi daga aljihu ba.

Ɗakin yana nan yadda yake tun Egbert, mijinta, yana raye. Kujeru cikin ledarsu, furannin roba, saƙar da ta yi da hannunta a kan kowane tebur, hoton bikinsu, babban akwatin rediyo mai faifai. Ba ɗakin zama ba ne. Fasto ke shiga, da mai inshora, da dangin da suka zo daga gida Jamaika, da gawa idan an yi mutuwa. Yara kuwa iyakarsu bakin ƙofa, kuma duk gidan mutunci a layin haka yake. A jikin bango ga kabad ɗin gilashi, a cikinsa, saman kofunan da ba a shan shayi da su, ga littattafan a jere: manya, jajaye, masu ruwan zinariya a baya, irin waɗanda aka ce sun tattara ilimin duniya kaf, harafi bayan harafi.

Gidan da babu littattafai. Ta tsaya tana kallonsu har wayar zaure ta fara ƙara. Ba ta ɗauka ba. Ta san Pearline ce, 'yar cocinsu, kuma ta san abin da za ta ce.

Yadda littattafan nan suka shigo gidan, mutum biyu ne kawai a raye suka sani, ita da ɗanta Denzil. Denzil a wurin kakarsa ya fara girma, can gida, sai da ya isa makaranta suka aika aka kawo shi. Yaro ne mai shiru, ga sanyi ya dame shi, ga maganarsa irin ta kakarsa. Malamai su yi masa tambaya, ya amsa, su ce ba su ji ba, ya sunkuyar da kai. A shekarun nan haka ake kwashe 'ya'yan baƙaƙe ana kai su makarantar masu raunin ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya shiga ba ya cika fitowa. Aka aiko cewa wani jami'i zai zo ya ga gidan. A makon ne mai tallan littattafai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta sha korarsa a baya, amma ran nan ta bi shi da gudu har kwanar layi da silifas a ƙafa. Da gumin wankin zannuwan asibiti ta biya su, kaɗan kaɗan.

Jami'in ya zo da jakar hannu, ya zauna a kan leda, ya sha shayi a kofin baƙi, ya dubi kabad ɗin ya yi rubutu. Duk da haka aka kai Denzil. Ta yi ta zarya ofis ofis ita da wasu iyaye mata, har ranar da aka dawo da shi makarantar kowa. Kuma ran nan jami'in nan da bakinsa ya ce ya tuna gidan, gida ne da ya damu da ilimi. Wannan maganar ta riƙe. Ta ce a ranta littattafan ne suka fito mata da ɗa, kuma Verona na tasowa, mai jakar hannu zai iya dawowa kowace rana. In ya dawo, ba zai tarar da shafi a yage ko shatin yatsa mai maiƙo ba. Ta kulle kabad, ta kulle ɗaki.

Verona tana goye lokacin, ba ta san komai ba. Denzil kuwa da ya zama mutum, direban bas mai mata da 'ya'ya, mai karanta Nassi a gaban jama'a ranar Lahadi, sau ɗaya ya taɓa maganar. Ya ce, "Mama, wannan abin ya mutu. Ko matata ba na so ta ji." Ta ce masa ya mutu.

Ranar Asabar ta kasa zama a gida. Ta ja jakar cefanenta mai taya ta nufi Soho Road, alhali babu abin da ya ƙare mata. A shagon Mas Fitzroy mai doya da ɗanyar ayaba ta yi karo da abin da take gudu. 'Yar'uwa Pearline tana tsaye tana latsa doya kamar mai neman laifinta.

"Ga uwar shahararriya," in ji Mas Fitzroy. "Mis Adassa, yau kam sai dai in shimfiɗa miki jarida ki taka."

"Ka auna mini wake, ka bar surutu."

Pearline ta matso, ta rage murya yadda duk shagon zai ji. "Na bugo miki jiya har hannuna ya gaji. 'Yar'uwa, na ji kunya a madadinki. Ni da idona na ga littattafan nan ranar zaman makokin Mas Egbert. Yarinya ta hau rediyo ta gaya wa ƙasa duka cewa a cikin jahilai ta tashi?"

"Ba haka ta ce ba."

"Haka suka ji. Ai Turawa ba sa ba baƙin mutum kyauta sai ya ce musu a duhu aka haife shi, wani nasu ne ya kunna masa fitila. Ta san abin da suke so, ta dafa musu."

Mas Fitzroy ya ƙulle ledar wake yana dariya. "Pearline, ke da jikanki ya ci jarrabawar tuƙi sai da kika sa Fasto ya sanar a coci. Yarinyar nan ta shiga ɗakunan da a zamaninmu ko shara sai an duba fuskarka kafin a ba ka. Ku bar ta ta ci abinta. In ta ga dama ta ce ni na haife ta a bayan buhun doya."

"Kai ai ba ka da kunyar da za a zubar."

Wata ma'aikaciyar jinya da ke layi a bayansu, da kayan aiki a ƙarƙashin kwat, ta sa baki ba a tambaye ta ba. "Mu ne fa muke ce musu sai sun ninka ƙoƙarin ɗan Bature kafin a ba su rabin abin da aka ba shi. To sun ninka, sun hau. Da sun hau kuma sai mu ce sun zama Turawa, maganarsu ta canza. Ni na rasa me muke so."

"Ta hau, ban hana ba," in ji Pearline. "Amma a duba kan wa ta taka." Ta juyo ga Mis Adassa. "Gobe za ta yi karatu a zauren coci, ko? Aka ce har mutanen kamfanin littafin za su zo. In ni ce ke, sai in miƙe in wanke gidana. Ba don ke kaɗai ba. Don dukanmu da muka zo ƙasar nan da akwati ɗaya muka yi ɗakin gaba."

Mis Adassa ta zaro kuɗi. Ta biya, ta fita, ta manta waken a kan kanta sai da Mas Fitzroy ya biyo ta da shi. Ta zaga ta wurin laburaren, abin da ba hanyarta ba. Ta tsaya a tsallaken titi tana kallon ƙofar. Ta tuna Misis Pargeter, siririya mai tabarau, ba ta taɓa yi mata laifi ba. Har gaisawa suke yi. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne numfashin da mai tambayar nan ya ja.

Ranar Lahadi bayan sujada ta ɗora shinkafa da wake da madarar kwakwa, ta rage wuta, ta shiga ɗakin gaba. Makullin kabad ya yi tauri, sai da ta sa ƙarfi. Tana cikin jera littattafan a jakar cefane Denzil ya shigo, don shi zai kai ta a mota. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Mutum mai furfura a gemu, amma har yanzu ba ya taka kafet ɗin nan sai an ce ya shigo.

"Mama, ƙaura za ki yi?"

"Zo ka riƙe mini bakin jakar."

Ya shigo ya riƙe. Ta sa wani, ta sa wani. Ba ta dube shi ba.

"Gaban mutane za ki kai su?"

"A gaban mutane ta faɗa."

"To in aka ce me ya sa suke a kulle fa?"

"Wa zai tambaya?"

"Verona. Kin san bakinta. Naki ne ta ɗauko."

Mis Adassa ta miƙe tana dafa ƙugu. "Kana so in bari a ce gidan ubanka gidan duhu ne?"

"Ni ban ce komai ba, Mama." Ya zuge jakar, ya ɗaga ta da hannu biyu don kada tayar ta ɓata kafet. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ce, "Kin kashe wutar shinkafar?"

Ta koma ta kashe. Ta sake komawa ta duba ko ta kashe.

Zauren ya cika, har an ɗauko kujerun makarantar Lahadi. Verona daga tashar jirgi ta wuce can kai tsaye, ba ta biya gida ba, kuma uwarta ta lura da hakan. Tana tsaye a gaba da gashinta a sake ba gyara, furfura ta fara fito mata a gefe ɗaya. Da ta hango uwarta sai ta ratso mutane ta rungume ta.

"Mama, kin rame. Me ke cikin jakar nan? Kar ki ce mini doya kika kawo mini har nan."

"Je ki yi abin da ya kawo ki."

Verona ta dube ta, ta dubi Denzil. Denzil ya wuce baya wurin tukunyar shayi, inda yake taimakawa duk ranar taro. Matarsa da 'ya'yansa mata suna zaune a tsakiyar zaure. A layin gaba kuwa ga wata Baturiya daga kamfanin da ya buga littafin, da ɗan littafin rubutu a cinya, tana yi wa kowa murmushi.

Verona ta yi karatu. Gaskiya a faɗe ta, ta iya. Ta karanta wurin da wata mata take taje wa 'yarta kai ranar Lahadi da yamma, tana ba ta labarin fatalwar da ke bin mutane a hanyar rafi, in yarinyar ta motsa a ƙwanƙwashe ta da bayan mataji. Mutane suka yi ta dariya, wasu tsofaffi suna gyaɗa kai. Mis Adassa ta gane matajin, ta gane fatalwar, ta kakarta ce. Amma ba ta saki fuska ba. Hannunta na kan mariƙin jakar. Pearline a gefenta tana zungurinta da gwiwar hannu.

Aka zo tambayoyi. Wani saurayi ya tambaya ko sai mutum ya bar unguwa kafin ya zama wani abu. Verona ta ce ita dai ta bari, amma ba ta ce dole ba ne. Wata ta tambaya don wa take rubutu, don mu ko don su. Verona ta ce don wanda ya buɗe littafin. Aka yi ɗan gunaguni. Sai Mis Adassa ta miƙe.

Ba ta ɗaga hannu ba. Ta ja jakarta ta tsakiyar kujeru, tayar na ƙara, har gaban tebur. Ta zuge, ta fara fito da littattafan tana ɗorawa kusa da tulin na Verona. Jajaye, masu sheƙi, kamar jiya aka sayo. 

"An ce gidana babu littattafai," in ji ta. "Ga su. Suna gidan tun wannan tana goye."

Pearline ta fara tafi, wasu suka bi ta.

Verona ta miƙe a hankali. "Mama, ba a nan ba."

"A rediyo kika faɗa, ba a kicin ba."

Verona ta ƙura mata ido. Sai fuskarta ta koma irin ta yarinyar da ake taje wa kai, wadda ba ta kuka komai zafin mataji. Da ta buɗe baki, maganar Landan ta tafi, ta unguwa ce ta fito.

"To, tunda nan kike so. Wace rana kika bar ni na taɓa ɗaya? Ina tsayawa a bakin ƙofa in kina share ɗakin, ina karanta haruffan da ke bayansu. Na haddace su kafin in haddace addu'ar cin abinci. Ranar da na saci makulli, ko buɗe kabad ɗin ban gama ba kika kama ni, kin tuna abin da kika yi mini da bel ɗin Baba. Ruwan saman da na faɗa a rediyo, ranar ce, Mama. Daga dukan nan na fita. Littafin da ke bayan gilashi a kulle, ni a wurina hoto ne." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara. "Na daɗe ina so in tambaye ki. Me ya sa?"

Amsar tana bakin Mis Adassa, a shirye, da zafinta. Magana kaɗan ce, kuma da ta faɗe ta babu wanda zai sake ɗaga ido ya dube ta da raini. Rabin tsofaffin zauren nan sun san mai jakar hannu, wasu ya tafi da nasu 'ya'yan bai dawo da su ba. Za su tashi tsaye saboda ita. Verona kanta za ta sunkuyar da kai.

Ta ɗaga ido. Baturiyar layin gaba ta karkato, bakinta a ɗan buɗe, biro a tsaye a kan takarda. Irin fuskar da mai tambayar rediyo zai yi ke nan lokacin da ya ja numfashin. Can baya kuma Denzil yana tsaye da butar shayi a hannu, bai zuba ba, bai ajiye ba. Ba ya roƙonta da ido. Kansa a sunkuye yake, yadda yake sunkuyar da shi a gaban malamai. Ƙaramar 'yarsa ta waiwaya tana neman inda yake.

Mis Adassa ta mayar da ido kan 'yarta.

"Na baƙi ne," ta ce. "Ba na so ki ɓata su."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai zauren ya ɗauka. Ba dariyar mugunta ba ce, kowa a nan ya sha duka a kan ɗakin gaba, ko ya yi dukan. Amma ita ake yi wa, tsohuwa mai hular coci da ta jawo littattafai a jakar cefane don ta tabbatar wa duniya cewa 'yarta gaskiya ta faɗa. Pearline ta rufe fuska da mafici. Mis Adassa ta tsaya ta sha dariyar a tsaye, ba ta nemi kujera ba.

Da aka lafa ta tura littafi ɗaya gaban Verona. "To ga su, na buɗe. Karanta mu ji abin da na hana ki."

Verona ta dube ta kamar za ta ƙi. Sai ta sa hannu ta zaɓi wani daban, ba ta ko duba bayansa ba, ta san inda harafin yake. Da ta buɗe, bayan littafin ya yi ƙara kamar an karya busasshen kara. Shafukan sun manne da juna ta gefen zinariyar, sai da ta sa farce tana rabawa.

"Jamaika," ta ce.

Aka yi shewa kaɗan. Ta karanta tsawon tsibirin da faɗinsa, da duwatsu, da rake da ayaba. Mutane na kiran sunayen garuruwansu. Sai ta tsaya. Idonta ya yi gaba a kan shafin, ya dawo.

"Ci gaba mana," in ji uwarta.

Verona ta karanta da murya a miƙe, ba ta ƙara ba ta rage ba. "Mazauna tsibirin galibinsu baƙaƙe ne, mutane masu fara'a da sauƙin kai kamar yara, masu son kiɗa da rawa. Ba su cika jure aiki mai wuya ko dogon tunani ba, sai da mai lura da su."

Babu wanda ya motsa. Baturiyar ta rufe ɗan littafinta, wuyanta ya yi ja. Mis Adassa ta dubi hannuwanta, waɗanda ruwan zafi da sabulun asibiti suka cinye wa fata. Da su ta biya wannan. Kowace Asabar da su take goge masa gilashi. Ta tuna yadda jami'in nan ya dubi kabad ɗin ya gyaɗa kai, sai yanzu ta yi tunanin wataƙila shi ya san abin da ke ciki.

Mas Fitzroy ne ya yi gyaran murya daga gefe. "Mis Adassa, Ubangiji ya saka miki da kika kulle shi. Ina ma kin jefa makullin a kwata."

Wannan karon dariyar ta daban ce, mai ɗaci, har da masu share ido. Verona ma ta yi, ta rufe littafin, ta ajiye shi nesa da nata. Mis Adassa ba ta yi dariya ba. Ta fara mayar da littattafan cikin jaka, sai ga Denzil a gefenta ya karɓe aikin.  Da hannunsa ya taɓa nata a bakin jakar, ya ɗan daɗe bai ɗauke ba.

Bayan an watse, matar kamfanin ta ce an tanadi abinci a wani wuri cikin gari. Verona ta ce mata ta yi gaba, za ta kira ta. Matar Denzil ta tafi da yara a ƙafa, gidansu ba nisa. Verona ta shiga bayan motar, ta zauna a matse kusa da jakar cefane. Rana ba ta faɗi ba tukuna, yara na buga ƙwallo a bakin layi. Suka wuce shagon Mas Fitzroy.

"Mama," in ji Verona daga baya, "ba gaskiya kika faɗa ba a can."

"Ke ce mai ƙirƙirar labari, ba ni ba."

"Na san fuskarki in kina ɓoye abu. Haka kike yi in kin ce babu sauran kek."

"Abin da na faɗa na faɗa. Denzil, ka bi a hankali, ba bas kake ja ba."

Denzil ya tsaya a jar wuta. Ya daɗe yana kallon titi, yatsunsa na buga sitiyari. Sannan ya dubi ƙanwarsa ta madubi.

"Kina da biro a jakarki?"

"Ina da shi. Me ya faru?"

"In mun isa, ki bar shi a mota. Akwai maganar da zan yi miki, kuma ba ta littafi ba ce, ba ta rediyo ba ce. In na gan ta a wani wuri, ni da ke mun gama."

Mis Adassa ta juyo da sauri. "Denzil."

"Tawa ce, Mama. Kin riƙe mini ita ya isa."

Wuta ta ba da hannu, motar ta tashi. Verona ba ta sake tambaya ba. Mis Adassa ta gyara zama, ta sake gyarawa. Ta ce shinkafar nan ta huce, kuma ba ta tabbata ta kashe wutar ba. Ta ce kada kowa ya shigar mata da jakar nan cikin gida, a bar ta a bayan ƙofa sai ta yi tunani. Ta buɗe jakar hannunta tana neman hankici, yatsunta suka ci karo da ɗan makullin kabad. Ta juya shi, ta sake juya shi, har suka shiga layinsu ba ta san abin da za ta yi da shi ba.